Na Roƙi Allah Ya Mayar Da Ni Ɗakina, Bai Mayar Da Ni Ba

Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari da jama'a? Allah ya saka da alheri. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekarata 33, na yi shekara 11 a ɗakin mijina, 'ya'yanmu uku. Yau wata bakwai ke nan da ya sake ni. Ba wani babban faɗa muka yi ba, maganar kuɗin makarantar yara ce, na faɗa ya faɗa, ya saɓi hularsa ya fita. Bayan isha'i sai ga ƙaninsa da takarda a ninke, saki ɗaya, wai kada ya dawo ya same ni. A daren na kama hanyar gidanmu da goyo a baya.

Tun daga ranar na duƙufa. Tsayuwar dare, azumin Litinin da Alhamis, sadakar ƙosai duk Juma'a, kuma abu ɗaya nake roƙo, Allah ya karkato da hankalinsa ya mayar da ni kafin idda ta cika. Wata ƙawar yayata ta kai ni wurin wani mutum da ya ce asiri aka yi mana, na sayar da 'yan kunnena na zinari na ba shi. Idda ta cika bai waiwaye ni ba. Bayan sati uku aka ɗaura masa aure. Ya aiko aka tafi da manyan yaran biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 6, aka bar mini ƙaramin.

Anti, abin da ya sa na rubuto miki shi ne na daina addu'a. Sallah ina yi, amma kamar ana tura ni. In na ɗaga hannu sai in rasa abin faɗa, wani lokaci har zuciyata ta ce mini wane amfani. Wannan tunanin yana ba ni tsoro. Ko wani zunubi na yi Allah yake fushi da ni? Ba na barci, abinci ba ya shiga, riguna duk sun yi mini yawa. Ƙarfe uku na dare za ki same ni ina duba hotunan da amaryar take sawa a waya. Wani lokacin sai in ce da ma mutuwa na yi na huta. Kayan ɗakina suna jibge a garejin maƙwabta, har da keken ɗinkina, ko kallonsu ba na son yi. In na yi kuka Umma ta ce in yi haƙuri, kuka rashin tawakkali ne. Yayana ya ce in yafe masa in manta. Ni kuwa na kasa. Yaya zan yi in gyara tsakanina da Ubangijina?

Ƙanwarki, daga Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu. Allah ya sanyaya miki.

Zan fara da maganar da kika cusa a tsakiyar wasiƙar kamar ba komai ba, wato da ma mutuwa kika yi kika huta. Ba ke kika fara faɗarta ba. Ki buɗe Suratu Maryam, aya ta 23. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ita kaɗai, ba uwa ba unguwarzoma, ga ciwo ga tunanin abin da mutanen gari za su ce in sun gan ta da jariri. Sai ta ce ina ma na mutu kafin wannan, na zama abin da aka manta da shi sarai. Macen da Allah ya zaɓa a kan matan talikai ce ta faɗi haka. Ki duba amsar da aka ba ta. Babu wanda ya ce haba Maryam, ina tawakkalinki. Cewa aka yi kada ki yi baƙin ciki, ga ƙorama nan a ƙarƙashinki, ki girgiza kututturen dabinon nan nunannun 'ya'ya su zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki. Ci da sha aka fara yi mata magana a kai, kafin maganar yadda za ta fuskanci jama'a.

Ni ma daga nan zan faro miki. Wata bakwai babu barci, babu ci, ga rama, ga wannan tunani yana zuwa yana komawa, wannan ya wuce irin baƙin cikin da ake zuba wa ido a ce zai wuce da kansa. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa kamar yadda ake maganin hawan jini. Tunda a Kano kike, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san da jin Dawanau za ki ce shi ke nan Anti ta mayar da ni mahaukaciya. A'a. Da yawa daga masu zuwa ganin irin waɗannan likitoci da ƙafarsu suke zuwa, da mayafinsu da jakarsu, su ɗauki kati, su faɗi abin da ke damunsu, su koma gida su ɗora tukunya. In ma hakan ya yi miki nauyi, ki fara da likitan da kuka saba gani, ki gaya masa duk abin da kika gaya mini ba tare da kin rage ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ku yi magani ya bayin Allah. Bai ware ciwon zuciya ba. In kuwa wani dare tunanin ya tashi daga "da ma" ya koma tunanin yadda za ki cutar da kanki, ki tashi Umma a wannan daren, kada ki bari sai gari ya waye. Akwai kuma addu'ar da aka koyar da wanda wahala ta kai shi nan, tana cikin Bukhari da Muslim: Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ita ce alheri gare ni, ka ɗauki raina in mutuwa ita ce alheri gare ni. Ki mayar da zaɓin hannun Mai shi.

Sai maganar kuka. Kada ki ga laifin Umma. Ita ma abin da aka gaya mata ke nan duk lokacin da ta yi kuka a nata zaman, kuma ina tabbatar miki in kin juya baya ita ma tana share nata da bakin zani. Sai dai mu Hausawa mun ɗauki kalmar haƙuri mun mayar da ita murfin tukunya. In aka ce da mace ki yi haƙuri, sau da yawa abin da ake nufi shi ne ki yi shiru mu huta. Haƙurin da ke cikin Alƙur'ani daban ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya ce haƙuri mai kyau a aya ta 83 ta Suratu Yusuf, a aya ta 84 kuma aka ce ya juya ya ce wayyo baƙin cikina a kan Yusufu, har idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Ayoyin a jere suke, babu wadda ta soke wata. Da 'ya'yansa suka ce wallahi ba za ka daina ambaton Yusufu ba sai ka halaka, kusan abin da ake gaya miki a gida ke nan, sai ya ce ni dai Allah nake kai wa ƙarar damuwata da baƙin cikina. Shi ma Manzon Allah (SAW) hawaye ya zubo masa ranar da ɗansa Ibrahim yake cikawa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Iyakar ke nan, a baki take, ba a ido ba. Ki yi kukanki. Shekara 11 ba kwana 11 ba ce.

Yanzu ga ainihin tambayarki, ko Allah fushi yake da ke.

In da mutuwar aure alamar fushin Allah ce, da ba ta faɗa wa Zainab 'yar Jahshi ba. Zamanta da Zaidu ɗan Harisa bai yi daɗi ba, ya sake ta, kuma Zaidun nan shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a cikin Alƙur'ani. Dukansu mutanen kirki ne, aure ne dai ya ƙi. Daga baya ta zama Uwar Muminai, har tana yi wa sauran matan Annabi alfahari da cewa su iyayensu ne suka aurar da su, ita kuwa Allah ne ya aurar da ita daga saman sammai bakwai. Fatima 'yar Ƙaisu saki uku aka yi mata, mijin ma ba ya gari, aike ya yi. Kin ga takarda a hannun ɗan aike ba a kanki aka fara ba. Bayan idda ta auri Usama ɗan Zaidu bisa shawarar Manzon Allah (SAW), da farko ba ta so, daga baya da bakinta ta ce Allah ya sanya alheri a cikin auren. A Madina, a zamanin da wahayi ke sauka, ana aure ana saki, kuma babu wanda ya ɗauki bazawara a matsayin wadda Allah ya juya wa baya. Mu ne muka ƙirƙiro wannan kallon, mu da muke ce wa mace ta kashe aurenta ko da takarda aka aiko mata tana tsaka da tuƙa tuwo.

Akwai ayar da na tabbata kin sha gani an rubuta a bangon shago ko an liƙa a gilashin mota: wa man yattaƙillaha yaj'al lahu makhraja, wa yarzuƙhu min haisu la yahtasib. Wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita, ya azurta shi ta inda bai zata ba. 'Yan kasuwa sun riƙe ta don neman buɗi, kuma ba laifi. Amma kin san inda take? A Suratuɗ Ɗalaƙ, ƙarshen aya ta 2 da farkon ta 3, a tsakiyar hukunce-hukuncen saki da idda. Sura ce mai aya 12 kacal, amma a cikinta aka yi alkawarin mafita, da arziki, da sauƙin al'amari, da kankare zunubi, aka kuma ce Allah zai sanya sauƙi bayan tsanani. Da masu takarda a hannu ake wannan maganar tun asali, wanda ya bayar da wadda aka ba. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 130, aka ce in sun rabu Allah zai wadata kowannensu daga yalwarsa.

To ƙanwata, ki lura da kalmar, mafita. Ke wata uku kika yi kina ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, kina cewa a mayar da ni. Roƙonki halal ne, babu macen kirkin da ba za ta roƙi a gyara mata gidan 'ya'yanta ba. Amma Allah bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa ƙofar da ya nuna da yatsa ita za a buɗe masa ba. Abin da ya yi alkawari shi ne ba zai bar mai tsoronsa a rufe ba. Da wannan ƙofar ta ƙi buɗuwa sai kika ɗauka duk gidan ne aka garƙame. A hadisin Abu Sa'idul Khudri da Imam Ahmad ya ruwaito an ce babu musulmin da zai yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta face an ba shi ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa sai lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri kwatankwacinta. Tsayuwar daren nan da kika yi, da yunwar Litinin da Alhamis, da ƙosan da yaran unguwa suka ci, babu wanda ya faɗi ƙasa. Ba zan ce miki tsohon mijinki sharri ne aka raba ki da shi ba, wannan gaibu ne, kuma uban 'ya'yanki ne. Abin da nake gaya miki shi ne kada ki karanta amsar da ba ta zo yadda kike so ba a matsayin kora.

Shi kuwa tunanin "wane amfani" da kika ce yana ba ki tsoro, tsoron nan da kike ji shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali a duk wasiƙarki. Wasu sahabbai sun je sun ce ya Manzon Allah muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi. Ya ce kun ji hakan? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Wadda imaninta ya tafi ba ta rubuta wasiƙa tana tambayar yadda za ta gyara tsakaninta da Ubangijinta. Sallar nan da kike yi kamar ana tura ki, ki ci gaba da yin ta a haka. Kada ki jira sai daɗinta ya dawo, ta cikin yin ta daɗin yake dawowa, kuma ba ya dawowa rana ɗaya.

Kin ce in kin ɗaga hannu kina rasa abin faɗa. Ina jin abin da ya faru shi ne addu'a ɗaya kika saba da ita, da ta ƙare sai bakinki ya zama fanko. To ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Da Hausa, bayan kin sallame, a kan sallayarki. Khaula 'yar Sa'alaba da mijinta ya yi mata zihari, wato ya haramta wa kansa ita da cewa kamar mahaifiyarsa take a wurinsa, ta zo tana cewa ya cinye ƙuruciyata, na haifa masa 'ya'ya, sai da na tsufa ya yi mini haka, ya Allah gare ka nake kai ƙara. Nana A'isha tana gefen ɗaki, ta ce wani abin ma ba ta jin me matar take faɗa. Amma aka saukar da sura guda da ta fara da cewa lallai Allah ya ji maganar wadda take jayayya da kai game da mijinta, tana kai ƙara ga Allah. Ita ce Mujadala, farkon izu na 55, yaranki ma sun san ta ko suna hanyar zuwa gare ta. Ba ta tsara magana ba, kuka ta kai.

Bari in gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Ni ma na taɓa kwana a ɗakin mahaifiyata da takarda a ƙarƙashin filo. Na yi makonni in na idar da asuba ba na iya cewa komai sai "Ya Allah ka dai gani." Shi ke nan, sai in kifa kai a kan gwiwa har rana ta fito. A lokacin ina ganin ba addu'a nake yi ba. Yanzu da na waiwaya, ban san wata addu'a da na taɓa yi da gaskiya kamar wannan ba.

In kina son lafazin da za ki riƙe, ki riƙe na Ummu Salama: inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Allah ka ba ni lada a kan musibata, ka musanya mini da abin da ya fi ta alheri. Abin da nake so a labarinta shi ne ta faɗi gaskiyar abin da ya zo mata a rai. Da Abu Salama ya rasu ta ce a ranta, wane musulmi ne ya fi Abu Salama? Wato ita ma ba ta hango ta inda musanyar za ta fito ba. Duk da haka ta faɗa. Ke ma ki faɗa ko zuciyarki tana gardama. Kuma kada ki ƙayyade masa cewa musanyar sai ta zama miji. Tana iya zama miji, tana iya zama lafiya, ko sana'a, ko ilimi, ko 'ya'yan nan su tashi su zame miki abin da ba ki zata ba.

Mutumin da ya ci 'yan kunnenki, ki yi istigfari ki rufe babinsa. Duk wanda zai tambayi sunan mahaifiyarki, ya gaya miki wanda ya yi miki asiri, ya yanka miki kuɗin aiki, boka ne ko da rawaninsa ya kai faifai. Hadisin Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, saboda haka abin ba wasa ba ne, amma tuba tana shafe shi, kuma ruɗewa ce ta kai ki. Irinsu sun fi kowa sanin macen da ke cikin idda ba ta ƙi ta sayar da komai nata ba. Za a sake kawo miki wani, a ce wannan aikinsa kamar yankan wuƙa. Ki ce kin gode. Tofin da kike buƙata yana bakinki: Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu lokacin kwanciya, ki shafe jikinki, sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana yi kowane dare.

Wayar nan kuwa, gyambo kike sosawa da farce sannan kina mamakin ya ƙi warkewa. Ki toshe lambar amaryar da ta tsohon mijinki a duk inda hotuna suke fitowa, ki bar layin kira kawai saboda yara. Da dare ki ba Umma wayar ta sa a ƙarƙashin filonta. Ba a sa hoton ranar da aka yi faɗa a kan kuɗin cefane, na ranar da aka ci ado kaɗai ake sawa, ke ma kin sani.

Akwai abin da ba ki tambaye ni ba amma ba zan tsallake shi ba, don wani ɓangare na ciwonki zalunci ne tsagwaronsa, kuma ba a shafa wa zalunci man tawakkali a ce ya warke. Fitar da ke da aka yi a daren saɓa wa aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ne, wadda ta ce kada ku fitar da su daga gidajensu. A ɗakinki ya kamata ki yi idda, yana ciyar da ke, kuma ayar da kanta ta faɗi hikimar, ba ka sani ba ko Allah zai haifar da wani al'amari bayan haka. Mun yi watsi da wannan hukunci a ƙasar Hausa har ya zama in mace ta zauna sai a ce ba ta da zuciya. Wannan ya wuce. Amma maganar yara ba ta wuce ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'ar Musulunci suke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, matuƙar uwar ba ta auri wani bare ba kuma babu abin da ya kore cancantarta. In ma uwar ta yi aure, mahaifiyarta ce a gaba. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba ko a ina yaran suke. Alƙur'ani ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa.

Ban ce gobe ki yi sammako kotu ba. Ki fara da manya. Yayan nan naki da yake cewa ki manta, ga aikin da ya dace da shi: ya samu waliyyinki su je su zauna da manyan gidan su mijin, cikin mutunci, a tsayar da magana a kan inda yaran za su zauna, da abin da zai riƙa bayarwa, da ranakun da kowa zai gan su. Ku auna gaskiya, gidanku zai ɗauke su? Makarantarsu fa? In maslaharsu ta fi a can a yanzu, to a yanka ranakun da za a riƙa kawo miki su su kwana, a kuma rubuta. In an ƙi sauraron manya, ga Hisba, ga kotu, kuma zuwa can ba rashin kunya ba ne. Abu ɗaya nake roƙonki, in sun zo kada ki mayar da su 'yan rahoto, me ta dafa, ina ya kwana, me ya saya mata. Kada ki zagi ubansu a gabansu. Allah ya ce kada ku manta da alherin da ke tsakaninku, kuma a cikin ayoyin saki ya faɗe ta.

Yafiya kuwa babu wanda zai sa miki agogo. Alheri ce babba, ladanta yana wurin Allah, amma ba a ƙwatarta da ƙarfi, kuma aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar ya faɗi abin da aka yi masa. In ba ki iya cewa na yafe ba, ki ce Allah ka kai ni ranar da zan iya. Ki kuma duba naki ɓangaren ba tare da kin ɗora wa kanki dukan kayan ba. Kin ce kin faɗa ya faɗa. In akwai kalmar da kika san ta yi zafi, ki nemi gafarar Allah a kanta, ki koyi darasinta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma babu mai cire haƙori don ya ciji harshe sau ɗaya. Hukuncin da ya yanke nasa ne, shi zai amsa.

Na san akwai wani lungu a zuciyarki da yake cewa ai saki ɗaya ne. Gaskiya ne, shari'a ba ta rufe ba, in ya dawo sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki, kuma sai kin yarda. In ranar ta zo kya yi istihara ki yi shawara. Amma kada ki shimfiɗa tabarma a bakin wannan ƙofar ki zauna jira. Haka nan in masu zawarci suka fara sallama, kada ki yi auren huce haushi don a kai masa labari. Wanda aka yi don wani ya ji haushi, mai yin sa ne yake kwana a ciki.

Na bar maganar keken ɗinki sai ƙarshe da gangan. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labari cewa an saki innarsa, ƙanwar mahaifiyarsa ko yayarta, sai ta so ta fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawatar mata. Ta je ta gaya wa Manzon Allah (SAW), ya ce je ki yanki dabinonki, wataƙila ki yi sadaka ko ki aikata wani alheri. Yana cikin Muslim. Kin ga dabino ya sake fitowa. Nana Maryam an ce ta girgiza, wannan an ce ta yanka. Mace mai naƙuda ina ita ina girgiza kututturen dabino, wanda ƙato ma sai ya yi da gaske? Wanda ya fitar mata da ƙorama ba zai gaza zubo mata da 'ya'yan ba. Amma aka ce ta sa hannu.

A kwanakin da na gaya miki, wata goggona ce ta shigo wata safiya da faranti cike da gyaɗa mai ɓawo, ta dire a gabana ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce yi kukanki 'yar nan, babu mai hana ki, amma hannu yana aiki. Na ji haushinta kamar me. Ina ɓara ina sharar hanci, ita kuma tana gefe tana jan carbi tana ba Inna labarin tsadar manja. Da azahar ta auna gyaɗar ta ce saura tiya biyu gobe. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, don kafaɗuna sun gaji.

Ranar Asabar ki sa a ɗauko miki keken nan daga gareji. Shi kaɗai, ki bar gado da kujeru da akwatunan kwanuka sai kin yi ƙarfi. Ki cire ledar, ki goge ƙurar, ki ɗiga masa mai, in bel ɗin ya bushe a sayo wani a kasuwa. Kada ki karɓi ɗinkin kowa tukuna. Ki fara da rigar 'yarki, kuma kada ki yanka da tsohon awon da kike da shi a ka. Ki bari sai an kawo miki ita ki sa tef ki auna, don yarinya 'yar shekara 6 'yan watannin nan sun isa rigarta ta ɗage.